Charles Elton, Masanin Da Ya Ƙidaya Namun Daji Da Littattafan 'Yan Kasuwa

An haifi Charles Elton a birnin Mancesta ta ƙasar Ingila cikin shekarar 1900, ya kuma yi karatun ilmin dabbobi a Jami'ar Oksfod. Tun yana saurayi abin da ya tsaya masa a rai shi ne dalilin da kan sa namun daji su yawaita bana, su ƙaranta baɗi, alhali kuwa ba mai iya bin su cikin daji yana ƙirgawa.

A 1925 kamfanin Hudson's Bay, mai cinikin fatu a Kanada, ya ɗauke shi mashawarci. Nan ya duƙufa kan tsofaffin littattafan cinikin kamfanin. A 1942 shi da Mary Nicholson suka nuna cewa yawan wata irin kyanwar daji ta can yakan hau ya sauka kusan kowace shekara goma, kamar na zomayen da take ci. Gaskiya ne fatun da aka sayar ba su ne ainihin yawan dabbobin ba, domin farashi da himmar mafarauta suna da hannu. Duk da haka masana lissafi sun daɗe suna gwada dabarunsu a kan alƙaluman nan.

Ofishin binciken yawan dabbobi da ya kafa a Oksfod a 1932, an rufe shi da ya yi ritaya a 1967. Ya rasu a 1991.