Alfred Sisley, Mai Zanen Ruwa Da Sararin Sama

Cikin masu zane da suka yi zamani a ƙasar Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, akwai wata 'yar ƙungiya wadda a yau ake girmama ta ko'ina a duniya, amma a zamaninta dariya ake yi mata. Mutanenta su ne suka fitar da sana'ar zane daga cikin ɗaki suka kai ta bakin kogi da gefen hanya, suna zana abin da ido ya gani a cikin hasken da ya gan shi. Waɗansu daga cikinsu, kamar Claude Monet da Auguste Renoir, sun yi tsawon kwana har suka ci moriyar wahalarsu. Abokinsu Alfred Sisley bai sami wannan rabo ba. Shekara kusan talatin ya yi yana fama da talauci, kuma ya rasu ba tare da ƙasar da ya ƙare ransa yana zana kogunanta ta karɓe shi ɗanta ba.

An haifi Sisley a birnin Paris ran 30 ga watan Oktoba, 1839. Iyayensa Ingilishi ne, saboda haka shi ma a takarda ɗan Ingila ne, ko da yake a Faransa ya buɗe ido. Mahaifinsa, William Sisley, attajiri ne mai cinikin siliki, burinsa kuwa ɗan ya gaje shi. Da yaron ya shekara 18, cikin 1857, sai aka tura shi Landan domin ya koyi kasuwanci. Ya shekara huɗu a can, amma hankalinsa ya fi karkata ga gidajen da ake nuna zane-zane bisa ga ofishin ciniki. Ya komo Paris cikin 1861 ba da niyyar zama ɗan kasuwa ba, uban kuma bai tsananta masa ba.

Cikin 1862 ya shiga ɗakin koyarwa na wani malamin zane mutumin ƙasar Suwizalan, ana ce da shi Charles Gleyre. A nan ya haɗu da samari uku, watau Monet da Renoir da Frédéric Bazille, abota ta ƙullu. Al'adar wancan lokaci ita ce mai zane ya zauna a ɗaki ya tsara hoton wani yaƙi na dā ko wani labari na Girkawa, ya goge shi sumul har ba a ganin sawun buroshi. Su kuwa samarin nan sai su ɗauki kayan aikinsu su nufi dajin Fontainebleau, su kafa ƙyallen zane a fili, su yi ta aiki kafin rana ta juya. Abin da ya sauƙaƙa musu wannan fita shi ne tun 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙago zuba fentin mai cikin 'yan bututun kuza masu murfi. Kafin haka a cikin mafitsarar dabba ake adana fenti, ga wuyar ɗauka ga saurin bushewa in an huda.

A shekarun nan Sisley ba ya cikin matsi, domin uban yana ba shi kuɗin kashewa, har shi ne kan taimaki abokansa in sun rasa. Babban nunin zane na shekara-shekara da ake kira Salon, wanda a lokacin shi ne ƙofar suna da ciniki ga kowane mai zane, ya karɓi aikinsa cikin 1866. A shekarar ce kuma ya soma zama da Eugénie Lescouezec, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu, Pierre cikin 1867 da Jeanne cikin 1869.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawan Prussia cikin 1870 shi ya juya masa rayuwa. Sojojin abokan gaba suka mamaye garin Bougival inda yake zaune, kayansa da yawancin zane-zanen ƙuruciyarsa suka salwanta. Bazille ya mutu a bakin daga. Kasuwancin uban kuma ya rushe. Mutumin da ya tashi cikin wadata, bai taɓa tunanin abin da za a ci gobe ba, ya wayi gari yana da shekara 31, da mace da 'ya'ya biyu, ba shi da abin dogara sai buroshinsa.

Da abokan suka gaji da wulaƙancin alƙalan Salon, sai suka shirya nunin kansu cikin Afrilu 1874, a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar. Sisley yana cikinsu. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar Impression daga sunan wani zanen Monet ya laƙaba musu Impressionnistes don ba'a, yana nufin masu zana abin da ido ya fizga a kallo ɗaya, ba su iya gama aiki ba. Sunan ya bi su, su ma suka rungume shi. Amma suna ba ya cika tukunya. A gwanjon da suka yi a Paris cikin 1875 an sayi zane-zanen Sisley a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

A cikin wannan hali ne ya yi aikin da aka fi tunawa da shi. Yana zaune a Marly-le-Roi, yamma da Paris, sa'ad da kogin Seine ya cika ya yi ambaliya cikin bazarar Turai ta 1876, ya shanye titunan Port-Marly, wani ɗan gari a bakin kogin. Sisley ya sauko da kayansa, ya yi ta zana wurin a kwanaki dabam-dabam, tun ruwa yana tsaye har ya janye. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne wanda ake kira Ambaliya a Port-Marly, zanen fentin mai ne a kan ƙyalle, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba.

Wanda ya ji sunan zai zaci zai ga gidaje suna rushewa, mutane suna ihu. Babu ko ɗaya. A hannun hagu ga gidan wani mai sayar da giya tsaye cikin ruwa, bangonsa da launi mai haske. Kusa da shi ga ɗan kwalekwale da mutane a ciki, suna harkarsu kamar dā ma a kan ruwa aka gina garin. A hannun dama ga itatuwan bakin titi a jere, ba ganye, gindinsu a nutse. Sauran ƙyallen kuwa sama ce da ruwa, sama ta ɗauki babban rabo, gizagizai suna tafe, ruwan yana mayar musu da kamanninsu a kakkarye. In mutum ya matso kusa, ba abin da zai gani a wurin ruwan sai 'yan gajerun shafe-shafen fenti a kwance, shuɗi da toka-toka da fari da ruwan ƙasa, kowane a gefen ɗan'uwansa ba a gauraya su ba. In ya ja da baya taki uku ko huɗu, sai ido ya haɗa su da kansa, ruwan ya soma motsi. Wannan ita ce dabarar da aka yi musu dariya a kanta. A hannun Sisley ba ta da hayaniya ko nuna gwaninta, kuma wataƙila wannan natsuwa ce ta sa masu saye na zamaninsa suka riƙa wuce shi. Faran 180 ya samu a kan zanen.

Abokansa sun nemi waɗansu hanyoyi. Renoir ya shiga zana fuskokin masu kuɗi da iyalansu, ciniki ya buɗe masa. Monet ya iya hulɗa da dillalai, har cikin 1890 ya sayi gidansa na Giverny. Sisley bai bar kogi da hanya da dusar ƙanƙara da sararin sama ba. Cikin zane-zanen fentin mai wajen 900 da ya bari, da ƙyar ake samun wanda ba shimfiɗar ƙasa ba ce. Dillalin nan Paul Durand-Ruel ya riƙa sayen aikinsa tun 1872, har ya shirya masa nuni nasa shi kaɗai cikin 1883, amma shi ma dillalin ya sha shiga matsalar kuɗi, in kuwa ya shiga, sai gidan Sisley ya ji a jika. Akwai lokacin da wani mai gidan abinci, Eugène Murer, yake sayen zanensa da araha yana kuma ciyar da shi da abokansa. Cikin 1879 ya sāke gwada sa'arsa a Salon, alƙalai suka ƙi shi.

Cikin 1880 ya ƙaura da iyalinsa zuwa yankin Moret-sur-Loing, kudu maso gabas da Paris, kusa da dajin da ya soma aiki yana saurayi. Can ya ƙare sauran kwanakinsa. Garin tsoho ne, da gada ta dutse da injinan niƙa masu aiki da ruwa, kuma ya zana su ba adadi. Cikin 1893 da 1894 ya zauna gaban majami'ar garin ya zana ta fiye da sau goma, da safe da yamma, cikin ruwan sama da cikin sanyi. Yana ƙara tsufa yana ƙara janye jiki daga mutane, har tsofaffin abokansa ba safai suke ganinsa ba.

A farkon 1897 dillali Georges Petit ya shirya babban nuni na aikinsa a Paris, zane fiye da 140. Jaridu ba su kula ba, ba a sayi ko ɗaya ba. Ga mutum mai shekara 57, wannan ba ƙaramin duka ba ne. A shekarar ya tafi Birtaniya da Eugénie, ya zana gaɓar teku a yankin Wales, kuma ran 5 ga Agusta aka ɗaura musu aure a ofishin rajista na birnin Cardiff, bayan zaman shekara 31. Cikin 1898 ya nemi takardar zama ɗan ƙasar Faransa, ba a ba shi ba. Ya sāke nema, ciwo ya riga hukuma. Eugénie ta rasu cikin Oktoba 1898. Shi kuma sankarar maƙogwaro ta kwantar da shi. Da ya ga alamar ba zai tashi ba, ya aika a kira masa Monet, ya damƙa masa amanar 'ya'yansa. Ya rasu ran 29 ga Janairu, 1899, yana da shekara 59, aka binne shi a Moret.

Monet ya cika alkawari. Cikin Mayu 1899 ya sa aka yi gwanjon zane-zanen da mamacin ya bari, haɗe da waɗanda abokai suka bayar kyauta, aka ba 'ya'yan kuɗin. Tun daga ranar farashi ya soma hawa. Cikin Maris 1900, wata goma sha huɗu bayan rasuwarsa, aka fitar da Ambaliya a Port-Marly a gwanjon kayan wani mai tara zane, Adolphe Tavernier. Wani attajiri mai banki, Isaac de Camondo, ya saye shi a kan faran 43,000. Da Camondo ya rasu cikin 1911 ya bar wa ƙasar Faransa dukan zane-zanen da ya tara, aka kai su gidan tarihi na Louvre. Daga baya aka mayar da zanen Sisley gidan tarihi na Orsay, wanda aka buɗe cikin 1986 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke bakin kogin Seine.