Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, 1865–1944

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Basullube ne, ɗan Durbi Gidado, shi ma kuwa ya yi Durbi. A al'adar Katsina Durbi yana cikin masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, amma sarautar kanta ta Dallazawa ce, zuriyar Ummarun Dallaje mai tuta. Da Turawa suka zo a 1903 suka tuɓe Sarki Abubakar, sa'an nan suka tuɓe Yero a 1906, sai suka ɗauko mai zaɓe suka ɗora shi bisa gadon. Wannan abu ya saɓa wa al'ada, ba kuwa amfanin ɓoye shi. Dikko ya san haka, don haka ya nemi yardar jama'a ta wajen aiki.

A ƙasar yamma a ke ganin nauyin aikin nan sosai. Mutanen Ruma da na gefen dajin Rugu sun daɗe suna kwana da ido ɗaya, don mahayan Maraɗi kan ɓullo ta daji su kwashe mutane da dukiya. Haƙƙin talaka na fari a wannan zamani shi ne ya yi noma ya koma gida ba a kama shi ba. Da hari ya ƙare aka fitar da hakimai daga birni, kowa ya zauna cikin ƙasarsa. A Batsari Sarkin Ruma ya ke zaune, Yarima kuwa a Safana. Mai kuka ya bi ta mai unguwa zuwa dagaci, daga nan zuwa hakimi, in bai gamsu ba ƙofar Sarki a buɗe ta ke. Ba ƙuri'a a ke jefawa ba a lokacin, sai dai kai kuka, kuma ba kowane kuka ke isa birni ba.

Babban abin da ma'aikatan En'e suka gada daga gare shi shi ne baitulmali, wanda aka fara a Katsina cikin shekarunsa na farko, da shawarar Bature Palmer. Haraji ya shiga littafi, aka yanka wa hakimi da alƙali albashi. Alƙalin da ke da albashi kuwa ya rage duban hannun mai ƙara. Ta gaban alƙalan nan ne bayi suka riƙa fansar kansu bisa shari'a, har aka soke bauta gaba ɗaya a 1936.

A 1921 ya yi aikin hajji yana kan sarauta, ya je Ingila ya gana da Sarki George na Biyar. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Wajen 1930 ya yarda a fara koyar da 'ya'ya mata, abin da da wuya a karɓa in ba Sarki ya sa baki ba. Duk da haka matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai bayan shekara talatin da rasuwarsa.

Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. En'e ɗin da ya gina ta ci gaba da aiki har 1976, lokacin da ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. Allah ya ji ƙansa.