Seydou Keita, Mai Hoton Bamako Da Ba Ya Ɗauka Sau Biyu

An haifi marigayi Seydou Keita a Bamako ta ƙasar Mali wajen shekarar 1921. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da aikin katako ya tashi. A 1935 wani kawunsa ya komo daga Senegal da wata 'yar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Da ita ya riƙa gwada hannunsa a kan 'yan gidansu, har a 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu da ke unguwar Bamako-Kura. A lokacin Faransawa ne ke mulkin ƙasar.

Wurin ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar, saboda haka fatake da baƙi suka yi ta tururuwa. Da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Duk wanda ya taɓa shiga shagon hoto a Legas ko Ibadan don ya aika wa mutanen gida, ya san yadda jiki kan sandare, hannu ya rasa inda zai zauna. Ga shi kuwa fim da tsada, don haka Seydou sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Watau dukan aikin sai an gama shi kafin a danna.

Dabararsa ta fari ita ce manna hotunan da ya riga ya ɗauka a bango. Mai jin kunya ba sai ya yi dogon bayani ba, nuna wanda ya yi masa kawai zai yi. Sa'an nan ya tanadi kayan aro: kwat da taye, agogo, alƙalami, tabarau, rediyo, keke, babur Vespa, daga baya har da motarsa. A ganin wasu wannan ƙarya ce ta talaka, amma wanda aka ba abin riƙewa ya huta da tunanin hannunsa, fuskarsa kuwa sai ta saki. Shi da kansa yake karkata kafaɗar mutum, ya daidaita haɓa, ya baza wa mace zanenta, ya jera yatsunta yadda zobba za su fito. Yawanci a tsakar gida yake aiki da hasken rana. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane ma abin shimfiɗar gadonsa ne.

A 1962, bayan samun mulkin kai, gwamnatin Mali ta ɗauke shi aikin hoto, a 1963 aka rufe shagon. Ya yi ritaya a 1977. Amma ya adana fim ɗin hotunan da ya ɗauka, dubbai.

A 1991 aka nuna waɗansu hotunansa a birnin New York na Amurka ba tare da sunansa ba, sai aka rubuta cewa ba a san mai su ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya same shi. A 1994 aka baje hotunansa a Paris da sunansa, daga baya aka riƙa buga su manya-manya, alhali masu su a 'yar takarda suka karɓa. Ya rasu a Paris cikin watan Nuwamba na 2001.