Malam Abdullahi na Gwandu: Jagoran da Ya Fara Tuhumar Kansa

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, wajen shekarar 1766. Shi ƙane ne ga Shehu Usmanu, kuma a hannun Shehu ya yi mafi yawan karatunsa, sannan ya ɗauki ilimi wurin wasu malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya yi fice a Larabci da fiƙihu da tafsiri, ana kuma yi masa laƙabi da Mai Gwandu. Amma abin da ya fi dacewa ɗalibi ya tsaya a kansa cikin tarihinsa shi ne muhasaba, wato mutum ya zauna ya yi wa ransa hisabi tun kafin ranar hisabi.

Lokacin da jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Malam Abdullahi na cikin na gaba. Shi ne wazirin Shehu, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto a wannan shekara. Sai dai nasara ta zo da jarrabawarta. Malamai da mahaddata masu yawa sun yi shahada a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, waɗanda suka rage kuma wasunsu suka fara karkata ga ganima da muƙami da neman girma.

A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, babban birnin Gobir, al'amarin ya kai masa iya wuya. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya bayyana abin da ya gani: 'yan'uwa na jayayya kan duniya, an yi sakaci da masallatai da makarantu. Abin lura shi ne bai tsame kansa daga laifin ba. Ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya fi kowa muni a cikinsu, ya kuma ji tsoron cewa ganin aibin wasu ba zai hana shi faɗawa ciki ba. Saboda haka ya bar rundunar tare da abokai biyar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Sun kwana uku a daji ba su ga kowa ba.

Tafiyar ta biyo da shi Kano, inda mulkin masu jihadi bai daɗe da kafuwa ba. A nan ma ya tarar da irin abin da ya gudo wa, ya kuma gaya wa shugabannin haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsayar da addini. A nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, wanda ya yi bayanin haƙƙoƙin da ke kan mai mulki da iyakokinsa, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Daga bisani ya koma gida ya ci gaba da aikin da ya bari.

Komawar nan ita ma muhasaba ce. Ya fita ne don tsira da addininsa, amma a Kano ya ga cewa cutar da yake gudu ba ta gari ɗaya ba ce, a cikin zukata take, kuma maganinta karantarwa da gyara. Mai binciken kansa na gaskiya yakan sake auna ko da kyakkyawar niyyarsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo bayan rasuwar Shehu a 1817. Malam Abdullahi ya girmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu, kuma yana cikin malamansa, amma Bello aka yi wa mubaya'a a Sakkwato. Aka sami 'yar tsamin dangantaka tsakaninsu na wasu shekaru. Da mutanen Kalambaina suka yi wa Malam Abdullahi tawaye, Bello ya kawo masa ɗauki, bayan nasara kuma baffan ya amince da shugabancin ɗan ɗan'uwansa. Da ya bi son zuciya, da daular ta tsage gida biyu tun tana jaririya.

Ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga karantarwa da rubutu. Ya bar tafsirinsa Diya'ut Ta'awil, da Tahzibul Insan, wanda ya yi magana kan tsarkake mutum daga ɗabi'un Shaiɗan. Ya rasu a Gwandu wajen 1829, kuma a can kabarinsa yake.

Darasin bai tsaya ga masu mulki ba. Manomi a Rogo da ke auna zakkar hatsinsa, da ɗan kasuwa a Ƙaraye da ke riƙe da mudu, da uwargida a tsakar gidanta, da ɗalibin da aka fara yaba wa karatunsa, kowa na da wurin da zuciyarsa ke iya yaudararsa. Hanyar kuwa a sarari take: ka ware ɗan lokaci bayan sallar Isha, ka bi yininka daki-daki. Me na faɗa? Don wa na yi aikin nan? Aibin da na zargi wani da shi yau, nawa ne rabona a ciki? Abin da ka samu na alheri ka gode wa Allah, na kuskure ka tuba, haƙƙin wani kuma ka mayar masa kafin gari ya waye.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da rahama, Ya nuna mana aibobinmu, Ya ba mu ikon gyara su tun muna da sauran numfashi. Amin.