Ahmad bin Majid, malamin matuƙan tekun Indiya

An haifi Shihabuddin Ahmad bin Majid a wajejen shekarar 1432 a garin Julfar, wanda a yau yake cikin masarautar Ras al-Khaimah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mahaifinsa da kakansa duka jagororin jiragen ruwa ne a Bahar Maliya, saboda haka gadon gida ya tarar.

A zamaninsa babu inji, iska ce kaɗai ke tura jirgi ta hanyar hura wani makeken ƙyalle da ake ɗaurewa a jikin doguwar sanda a rataye bisa turken jirgi. Idan iska ta tsananta, ƙyallen kan kwantar da jirgin a gefe har ya kife, ko kuma turken ya karye. Matuƙan zamani kan naɗe ƙasan ƙyallen su ɗaure, su kuma ɗame shi don kada ya yi tumbi ya tara iska. Jiragen Larabawa na gargajiya kuwa, bisa al'ada sai an sauke sandar baki ɗaya an sauya ƙyalle da ƙarami, aiki mai hatsari a tsakiyar guguwa.

Wannan ne ya sa sanin lokacin tafiya ya zama batun rai da mutuwa. Kamar yadda iska ke juyawa tsakanin hunturu da damina a ƙasar Hausa, haka take yi a tekun Indiya. Daga Yuni zuwa Agusta iskar kudu maso yamma kan yi ƙarfin da ke tsayar da zirga-zirga a gaɓar yammacin Indiya.

A shekarar 1462 Ibn Majid ya tsara wata waƙa mai baiti fiye da 1,000 kan ilmin teku. A wajejen 1490 kuma ya kammala babban littafinsa, Kitabul Fawa'id, mai babi 12, inda ya yi bayanin manzilolin wata 28, da auna tsayin taurari da yatsu, da ranakun tashi daga kowace tasha, da kuma duwatsun Bahar Maliya, tekun da alhazan Afirka ta Yamma suka daɗe suna ƙetarawa zuwa Jidda.

Wani marubucin Makka na ƙarni na 16, Ƙuɗubuddin an-Nahrawali, ya zarge shi da nuna wa Turawan Fotugal hanyar Indiya, har daga baya aka riƙa cewa shi ne ya jagoranci Vasco da Gama daga Malindi a 1498. To sai dai akasarin masana tarihi sun yi watsi da wannan zargi, ganin cewa bayanan Fotugal sun nuna jagoran mutumin Gujarat ne.

Ya rasu a wajejen shekarar 1500. Kwamandan jiragen Daular Usmaniyya, Sidi Ali Reis, ya dogara da rubuce-rubucensa a littafinsa na 1554, sannan a 1971 G. R. Tibbetts ya fassara Kitabul Fawa'id zuwa Turanci.