Inge Lehmann, matar da ta gano abin da ke tsakiyar ƙasa da kwalayen takardu

A shafinmu na tarihin manyan mutane yau mun kawo muku labarin wata mata ƴar ƙasar Danmak, Inge Lehmann. Ko mai haƙar rijiya mafi gwaninta a Dallol Mawri bai wuce ƴan gaba kaɗan cikin ƙasa ba. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, can ƙasar Rasha, kilomita 12 ne da ɗoriya, alhali daga inda muke taka ƙafa zuwa tsakiyar ƙasa kilomita wajen 6,370 ne. To, wagga mata ta faɗi abin da ke can ƙasa ba tare da ta haƙa ko taƙi ɗaya ba.

An haife ta ran 13 ga Mayu 1888 a birnin Kofanhegan. Mahaifinta malamin jami'a ne. Ya sa ta wata makaranta inda maza da mata ke karatu aji ɗaya, darasi ɗaya, babu bambanci, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Ta karanci lissafi a jami'ar garinsu, sannan ta tafi Kambirij ta Ingila a 1910. Yawan karatu ya kayar da ita, ta koma gida a 1911, ta yi shekaru tana aikin lissafi a ofishin inshora. Sai a 1918 ta koma jami'a, ta kammala a 1920, tana da shekara 32.

A 1925 ta shiga aikin kafa tashoshin auna girgizar ƙasa a Danmak da tsibirin Girinlan, kuma a 1928 aka ba ta shugabancin wanga sashe. Ta riƙe shi har 1953.

Ga yadda aikin yake. Kun san yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa ta saurari ƙararta kafin ta saya. Haka girgizar ƙasa ke ƙwanƙwasa duniya: motsinta yana ratsa cikin ƙasa, na'urori na nesa su rubuta lokacin da ya iso. Motsin iri biyu ne. Na farko, da ake kira P, yana ratsa dutse da ruwa duka. Na biyu, S, ba ya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Da haka masana suka gane cewa daga zurfin kilomita 2,900 akwai narkakken ƙarfe, suka ɗauka kuma haka yake har tsakiya. In hakan gaskiya ne, akwai yankunan duniya da bai kamata motsin P ya kai ba sam.

A watan Yuni 1929 aka yi babbar girgizar ƙasa a Niwzilan. Da Inge ta duba rubutun na'urori, sai ta ga wani ɗan motsi mai rauni ya iso daidai wuraren da aka ce ba zai kai ba. Lokacin babu kwamfuta. A kan ƴan katuna take rubuta lokutan isowar kowace girgiza, ta jera su cikin tsofaffin kwalayen abinci, ta yi lissafi da hannu. A 1936 ta fitar da sakamakon: cikin narkakken ƙarfen nan akwai wata ƙwaya dabam, kamar ƙwallon da ke cikin magarya, ita ce ke karkato motsin. Yau an san ƙwayar tana farawa daga zurfin kilomita wajen 5,150. Sai a 1971 wasu masana biyu a Amurka suka tabbatar da lissafin kwamfuta cewa ƙwayar daskararriya ce. A shekarar nan aka ba ta babbar lambar yabo ta ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Amurka.

Ba ta ajiye alƙalami ba. Ta yi bincike a Amurka da Kanada bayan ta bar aiki, ta fitar da rubutunta na ƙarshe a 1987 tana da shekara 99. Ta rasu ran 21 ga Fabrairu 1993, tana da shekara 104.

Aikin da ya ci mata shekaru, yanzu manhajojin kwamfuta irin su ObsPy, wadda ake samu kyauta a intanet, suna yin sa cikin ƴan mintuna. Kuma abin bai yi nisa da mu ba. A Torodi, cikin jihar Tilaberi, akwai tashar sauraren motsin ƙasa da ke aika bayananta birnin Biyana na Ostiriya, don gano girgiza da gwajin makaman nukiliya. Masu neman man fetur a Agadem su ma da irin wanga ilimi suke leƙa ƙarƙashin rairayi.

Amma na'ura rubutu kawai take yi, sai an samu mai ilimin karanta shi. Iyayen da ke shawarar ko ɗiya za ta ci gaba da lakwal bana, a Dogon Dutsi ko Tibiri ko Matankari, su tuna cewa wadda ta gano tsakiyar ƙasa yarinya ce da aka bari ta zauna ajin lissafi.