Alfired Wegenar, wanda duwatsu suka yi ma shaida

An haifi Alfired Wegenar a Barlin, babban birnin Jamus, ran 1 ga Nuwamba 1880. Ya yi karatun taurari, daga baya ya koma ga binciken iska da yanayi.

Wata rana yana duban taswirar duniya, sai ya lura bakin tekun Afirka ta yamma da na Amurka ta kudu sun dace da juna, kamar ƙwaryar da ta fashe biyu. Ya shiga bincike. Ya iske an tono ƙasusuwan wata dabba mai kama da kada a Afirka ta kudu, an kuma tono irinsu a Barazil. Ƙaramar dabba ce, yaya za a yi ta ƙetare wannan babban teku?

A 1912 ya bayyana ra'ayinshi gaban masana: da can ƙasashen duniya dunƙule suke wuri guda, sannan suka tsage, kowace ta kama hanyarta. A 1915 ya rubuta littafi a kai. Masana da yawa suka yi mashi dariya, don ya kasa faɗin mi ke tura ƙasa har ta gusa.

A 1930 ya tahi tsibirin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, karo na huɗu. Ya kai ma abokan aikinshi abinci a tsakiyar tsibirin. Wajen komowa ya rasu bisa hanya, cikin watan Nuwamba, yana da shekara 50. Sai a watan Mayu 1931 aka ga gawarshi.

Bayan shekara ashirin da wani abu, shaida ta fito daga cikin duwatsu. Ita duniya tana da maganaɗisu, shi ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. In dutse ya narke ya kwararo daga cikin ƙasa, akwai ƴan ƙwayoyin ƙarfe a cikinshi. Yayin da yake hucewa, maganaɗisunsu na fuskantar arewa, ya kahe haka nan, kamar sawun ƙafa cikin laka da ta bushe. Kusa da tsakiyar duniya yana kwance, kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu yana tsaye. Ke nan tsohon dutse na faɗin inda aka haife shi.

Masana a Ingila suka auna. Duwatsun Indiya suka nuna ƙasar can kudu take da, ta gusa arewa. A 1956 wani masani, Rankon, ya ga alamun duwatsun Turai da na Amurka ta arewa ba su dacewa sai in an haɗe ƙasashen biyu.

Yau an san tekun Atilantika na ƙara faɗi wajen santimita 2 zuwa 3 kowace shekara, kamar tsiron farce. Wegenar bai ga ranar ba, amma gaskiya dokin ƙarfe ce.